Bindigar Gado a Fadamar Guri: Takarda, Ƙarfe da Kuɗin Harsashi

Idan aka zo rabon gado a gidan maharbi a Guri, ko Abunabo, ko Kadira, akwai abu guda da ba ya rabuwa. Gona a auna ta, shanu a ƙirga su, buhunan shinkafa a kasa, amma doguwar abar nan da ke jingine a bayan ƙyaure, naɗe cikin tsohon zane, sai dai a yi mata kuɗi ta faɗa kason mutum ɗaya. Wanda ta faɗa wa yakan fito da ita yana jin shi ya gaji sunan gidan, kuma haka ne. Abin da ba kasafai ake gaya masa a wurin ba shi ne ya gaji baki mai ci. Bindiga tana cin harsashi, tana cin mai, tana cin takarda, kuma daga 2023 zuwa yau abincinta ya yi tsadar da mahaifinsa bai taɓa gani ba.

Kafin a kira abokai su zo kallo, magaji ya ɗauka cewa a ɗure take. Tsofaffi da yawa suna kwana da ɗuri a ciki saboda ɓarayin dabbobi, albarushin da ya samu busasshen wuri kuwa yana iya yin shekaru bai mutu ba. In mai karyawa ce abin da sauƙi: a juya bakinta inda babu kowa, a karya, a duba. In ta toka ce, wadda ake ɗura wa ta baki, ba a kai ido bakinta don leƙe. Sandar ɗuri ake zurawa har ta tsaya, a yi mata alama da gawayi daidai baki, a zaro, a kwantar da ita a jikin bututun ta waje. Idan ƙarshenta bai kai ramin da wuta ke shiga ba, to akwai abu a ciki. A nan ne samari ke cewa a harba sama ta fita. Kada a yi. Babu wanda ya san me marigayin ya ɗura, ko sau nawa ya ɗura, ɗuri a kan ɗuri kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke fasa bindigar toka. A kai wa maƙerin da ya san aikin, ya jiƙa ɗurin da ruwa ya zaro shi.

Daga nan sai a gane wace iri ce, domin irinta ne zai nuna wa ke ba da izini, me take ci, da kuma ko za ta sake ganin daji.

Wadda ta fi yawa a ƙasar Haɗejiya ita ce ta toka, harba-ka-ruga, wadda wasu ke kira baushe. Kakanninta sun shigo ta bakin teku tare da fataken Turai, wasu kuma ta hamada daga Tarabulus. Turawan Ingila ma da sunan mutanen Denmark suke kiranta, saboda 'yan kasuwar ƙasar da suka yi zama a gaɓar tekun Gana ta yau. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa a ƙarni na 19, Rabe kuma da bindiga ya ci Barno a 1893. A 1890 ne ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, aka bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shi ya sa bayan Turawa sun ci Haɗejiya a watan Afrilun 1906, yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa, abin da ya rage a hannun talaka shi ne bindigar toka, har maƙera suka ƙware a ƙera ta. Da ita 'yan bindigar sarki ke barin wuta ranar hawan salla har gobe, kuma nasu ne sunan tun kafin ya koma kan miyagun daji.

Ta biyu ita ce mai karyawa, baki ɗaya ko biyu, mai cin harsashin roba ko na takarda cike da ƙwayoyin dalma. Akwai na Ingila daga Birmingham, irin su Greener. Akwai Baikal ta Rasha, wadda in an ga an buga mata sunan Tarayyar Sobiyet to an ƙera ta ne kafin ƙarshen 1991. Akwai Simplex da Robust na kamfanin Manufrance, waɗanda aka sayar da yawa a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ta uku ita ce raifil, mai zare a cikin bututu, mai jefa dunƙulen harsashi guda zuwa nesa.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu da ita ake aiki, ita ma kashi uku ta yi. Bindigar toka tana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sandan jiha, wato Dutse ke nan ga mutumin Guri. Mai karyawa da raifil ɗin farauta, lasisinsu daga Sufeto-Janar yake fitowa. Kashi na uku haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu akwai ƙaramar bindigar hannu kowace iri, da raifil ɗin soja masu cin harsashin .303 ko milimita 7.62. A cikin masu harsashin ƙwayoyi, mai karyawa ce kawai dokar ta sassauta wa. Wadda ke ɗura wa kanta harsashi, ko wadda ake jan hannunta baya ta ɗura, ba ta cikin sassaucin, kuma a 2018 Sufeto-Janar Ibrahim Idris ya sa ta cikin makaman da ya ce a karɓe. Saboda haka gidan da aka buɗe zane aka ga Mak-4, raifil ɗin soja irin wadda kakanni suka riƙe a yaƙin Bama, ya bar maganar kuɗin harsashi. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ɗaurin shekara goma ne mafi ƙanƙanta.

Lasisi ba a gadonsa. Na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Idan mai lasisi ya rasu, kwana 14 kacal doka ta yarje wa magada su riƙe bindigar da harsasanta. Kwana 14 kuwa sukan cika tun ba a yi sadakar arba'in ba, balle rabon gado. Ke nan gidaje da yawa suna faɗawa laifi suna tsakiyar karɓar gaisuwa, ba su sani ba. Abin yi shi ne babban ɗa ko waliyyi ya ɗauki tsohon littafin lasisin, ya nemi rakiyar Bulama ko Sarkin Baka, su je ofishin 'yan sanda su ba da ajiya, su karɓi takarda mai ɗauke da sunan kamfani da lambar da ke jikin ƙarfen. A can ne kuma za a ji matsayin da ake ciki game da sabon lasisi, domin a watan Agustan 2023 Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da shi. Katin ƙungiyar maharba ko na 'yan sintiri yana da amfaninsa a gari, amma a gaban alƙali bai zama lasisi ba.

In takarda ta daidaita, saura ƙarfe, kuma fadama ba ta raga wa ƙarfe. Daga Agusta zuwa Satumba ruwan kogin Haɗejiya yana malala ta rassansa na Marma da Burum Gana ya cika ƙasa, bango ya sha laima, abin da ke jingine da bangon ma ya sha. Bindigar da ta kwana a ɗakin da ambaliyar 2022 ta shiga, ko da an goge bayanta ta yi ƙyalli, cikinta ne zai faɗi gaskiya.

A cire harsashi, a karya, a ɗaga bututun wajen sararin sama da hantsi, a leƙa ta gindi. Lafiyayyen bututu yana nuna zobban haske a jere, kowane a tsakiyar ɗan'uwansa. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar zanzana tsatsa ce ta ci rami. Baƙin zobe guda a tsakiya alama ce an taɓa harbi da toshiya a ciki, ƙarfen ya kumbura. A shafa bayan da yatsu a hankali, sau da yawa yatsa yana jin abin da ido bai gani ba. Loɓawa ma haka, domin inda ya loɓa nan dalma za ta riƙa gurza har ya yi siriri. Ga mai baki biyu akwai gwajin da masu sana'ar suka daɗe suna yi: a cire bututun daga ƙota, a rataye su a yatsa, a ɗan ƙwanƙwasa da farce ko ɗan itace. In sun yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, haɗinsu lafiya. In sun yi sautin fasasshen ƙwarya, likin da ya haɗa su ya saki, ruwa ya shiga tsakani.

Sai mahaɗa. A cire katakon gaba, a rufe bindigar babu komai a ciki, a riƙe ƙota a girgiza. Kada a ji motsi ko kaɗan. In har siririyar takarda za ta iya shiga tsakanin gindin bututu da fuskar ƙarfen, to iskar wuta ma za ta bi nan, fuskar mai harbi kuwa tana bayan wurin. A ɗana ta babu harsashi, a tura kunnen da babban yatsa, a ɗan buga gindinta a ƙasa. In ta tashi ba a taɓa kunama ba, za ta tashi wata rana a cikin kwalekwale. A kuma warware duk wata waya ko roba da aka naɗe wuyan ƙota da ita, domin ba a naɗe lafiyayyen itace. Ko tsagewa ce a ƙasa, ko gara ta yi gida.

Akwai waɗanda ba sa buƙatar dogon bincike. Bututun da aka yi wa walda ya gama aiki. Wanda aka yi da famfon ruwa yana da ɗinki a tsawonsa, kuma ba don riƙe wuta aka yi shi ba. Tsofaffin bututun Turai masu zane kamar igiyar ruwa, waɗanda aka murɗa ƙarfe aka ƙera, kyawunsu na ɗaukar ido, amma don baƙin albarushi aka yi mafi yawansu, tsatsa kuma tana ɓuya a tsakanin murɗin. Wadda aka datse wa baki ta gaza inci 20 kuwa, datsewar kanta laifi ce a doka. Gyara ma doka ta ɗaure shi da izini, don haka ba kowane mai walda a bakin kasuwa ake miƙa wa bindiga ba.

Yanzu a juya bututun a duba ƙarƙashinsa, wajen da yake kwanciya a kan ƙarfen ƙota. Akwai ƙananan tambura a nan da yawancin masu bindiga ba su taɓa karantawa ba, alhali su ne takardar haihuwarta. Tun 1813 akwai gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake harba kowace da ɗurin da ya fi ƙima kafin a buga mata hatimi. Kambi a kan haruffan NP ko BNP yana nufin an gwada ta da garin zamani marar hayaƙi. In babu irin wannan shaida, a ɗauka ta baƙin albarushi ce. A nan kuma ake ganin lambar faɗin bakinta. Ma'anar lamba 12 ita ce in aka raba laba ɗaya ta dalma gida 12 aka mulmula, ƙwallo ɗaya zai cika bakin, wato kimanin milimita 18 da rabi. Lamba 16 ta fi ta ƙanƙanta, 20 ta fi 16.

Lambar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta tsawon mazaunin harsashi: 65, ko 70, ko 76 a milimita, wato inci biyu da rabi, biyu da kwata uku, ko uku. Tsofaffin bindigogin Ingila da na Faransa da yawa 65 ne, harsashin da ya cika kasuwa yau kuwa 70 ne. Tarkon shi ne ana auna harsashi ne bayan ya buɗe baki, don haka na 70 da ba a harba ba zai shige mazaunin 65 sumul, bindiga ta rufu, mai ita ya ce ai ya shiga. Sai an harba ne bakin kwanson zai rasa wurin buɗewa, ƙarfin wutar ya ƙaru a kan ƙarfen da ya riga ya tsufa. Wani tarkon kuma shi ne cakuɗa lambobi a aljihu ɗaya. Harsashin lamba 20 in ya faɗa cikin mai lamba 12 yakan zarce ya maƙale a gaba, mai ita ya ga wuri fayau ya ƙara na 12 a baya. Bindigogi da hannaye da yawa sun tafi ta wannan hanya.

Wannan karatun tambari shi ne kuma farkon lissafin kuɗi, domin bindigar da harsashinta ya ɓace daga kasuwa sanda ce mai nauyi. Kamfanin Greener ya taɓa ƙera wa 'yan sandan Masar da na wasu ƙasashen mulkin mallaka wata bindiga da gangan aka yi mata harsashi na daban, mai wuya kamar kwalba, don in an sace ta ɓarawo ya rasa abin sa mata. Wanda ya gaji irinta ya gaji wannan dabarar a kansa. A wajen 1970 kuma kamfanin Kynoch na Ingila ya daina yin harsasan manyan raifil na farauta, sai ga bindigogi masu tsadar gaske a faɗin Afirka da Indiya sun koma kayan ado na tsawon shekaru. Lamba 16 ba ta kai nan ba, amma nemanta ya fi na 12 wahala, abin da aka sha wuyar nema kuwa mai sayarwa ne ke yanka masa kuɗi. A ganin mai wannan rubutu, Baikal mai baki ɗaya, lamba 12, mazauni 70, mai takarda, ta fi wa mutumin Guri amfani a kan kowace mai baki biyu mai zanen azurfa da ba a samun abincinta ko a Kano.

Me ya sa harsashin ya yi tsada haka? Mafi yawansa daga waje ake shigo da shi, da dala. Mai shigowa sai ya sami takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, sai kuɗin kwastan, sai dillali mai rajista, sai mota daga bakin teku zuwa Kano, zuwa Haɗejiya, zuwa Guri. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. Dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Kowane ɗayan waɗannan yana zaune a cikin ɗan jan kwanson nan da maharbi ke juyawa a tafin hannu. Ga shi kuma harsashi kansa sai mai lasisi doka ta yarda ya riƙe, daga hannun dillali mai rajista. Na bayan fage ya fi tsada, ba a san shekarunsa ba, kuma ranar da aka kama mai sayarwa har da sunayen masu saye zai lissafa.

Lissafin da ya kamata maharbi ya yi ba na kwali ba ne, na tsuntsu ne. Kwali guda harsashi 25 ne. A ce mutum yana samu sau ɗaya cikin harbi uku: kowane tsuntsun da ya shiga jaka yana ɗauke da kuɗin harsashi uku, ban da man babur da ladan mai kwalekwale. Ɗinya, wadda babu agwagwar ruwan da ta kai ta girma a Afirka, namijinta na iya haura kilo biyar, za ta iya biyan wannan. Kirinjijiya ba ta kai kilo ɗaya ba. Hasbiya da kurciya kuwa, wanda ya harbe su da harsashin kanti ya sayi nama mafi tsada a garin.

Saboda haka ragin kuɗi yana ƙafa da gwiwa. Ƙwayoyin dalma suna da ƙarfin kisa ne zuwa taki 35 ko 40. Bayan nan sun watse, sun yi sanyi. Maharban da suka ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe cikin ciyawa, suna kwaikwayon kiwonsa har su isa kusa da garke, sun warware wannan matsala tun kafin a san dala. An ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma a fadama bai fi ba: harsashi ya tafi, tsuntsu ya tafi da rauni ya mutu cikin ciyawar kachala, babu wanda ya ci.

Akwai gwajin da ya cancanci a kashe masa harsashi biyu. A buɗe babban kwali a kafa shi a jikin tudu inda babu kowa a baya, a zana da'ira mai faɗin inci 30, a koma taki 40 a harba tsakiya. Ramukan za su nuna ko bindigar tana kai wa sama ko ƙasa ko gefe, da kuma ko akwai gibin da tsuntsu zai bi ya wuce. Tsohuwar bindiga kowace da halinta, marigayin ya san na tasa, magaji bai sani ba. Girman ƙwaya ma a daidaita shi da abin da aka fita nema. A ma'aunin Ingila, oza ɗaya ta lamba 6 ƙwaya 270 ce, ta lamba 4 ƙwaya 170, BB 70, AAA 35, SG kuwa takwas kacal. Lamba 6 ta fakara ce, 4 ta zabo da agwagwa, BB ta ɗinya. Mai harbin kirinjijiya da AAA yana jefa tsakuwa 'yan kaɗan ne cikin sarari yana fatan sa'a.

Tsada tana tura mutane ga hanyoyi uku, kuma duka ukun suna da mugun ƙarshe. Ta farko ita ce sayen kwanson da aka sake cikawa a gida, wanda babu mai sanin irin garin da ke ciki ko yawansa, doka kuma tana kallonsa a matsayin ƙera harsashi ba izini. Ta biyu ita ce farke harsashin kanti a zuba garinsa a bindigar toka. Garin zamani ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, bututun maƙera ba zai riƙe shi ba. Ta uku ita ce harbin garke a kan ruwa don a kwashi da yawa da harsashi ɗaya. Waɗanda ake raunatawa sun fi waɗanda ake ɗauka, dalma tana tsalle a kan ruwa, bayan kachalar nan kuma akwai masunci a kan gora da yaro mai korar jan baki a gonar shinkafa. Raifil ya fi muni a nan. Ko ɗan ƙaramin .22, wanda harsashinsa ya fi kowane araha a duniya, yana tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, ƙasar Guri kuwa shimfiɗe take kamar faifai, babu dutsen da zai tare shi.

Tsofaffin harsasan da aka samu tare da bindigar su ma a duba su. Na takarda suna kumbura da laima, na roba gindinsu yana tsatsa domin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko ya yi kore, a mayar wa hukuma tare da sauran. In an ja kunama ba ta tashi ba, kada a karya nan take. A bar bakin yana kallon inda babu kowa a ƙirga talatin, ga ta toka ma a ƙara, domin jiƙaƙƙen albarushi yakan yi jinkiri sannan ya kama. Masu kyau a zuba su a gwangwani mai murfi, a ɗora sama nesa da murhu da zafin kwanon rufi, a wani wuri dabam da inda bindigar take, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Wanki ba shi da tsada. Ta toka a wanke cikinta da ruwan zafi a ranar da aka harba, domin tokar albarushi tana jan laima, a bari ta bushe sarai, a bi da mai. Man keken ɗinki ya wadatar. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo, baƙin mai kuma yana jiƙa itace ya lalata shi. Kada a cusa tsumma a baki, yana riƙe damshi kuma ana mantawa da shi. A sa mata riga a rataye ta baki ƙasa, ba a jikin bango ba. Kuma duk safiyar da za a fita a leƙa bututun, saboda zanzaro. Ramin bindigar da ta yi damina a rataye daidai yake da abin da yake nema, cikin 'yan kwanaki zai cika shi da laka ya rufe. Haka in an yi tuntuɓe wajen sauka daga kwalekwale baki ya taɓa taɓo, a tsaya, a cire harsashi, a duba.

Akwai wani kuɗin da ba maharbi ke biya ba. Ƙwayoyin dalmar da ba su sami komai ba suna nutsewa a tabki, agwagi su tsince su a zaton tsakuwar niƙa abinci, gubar ta kashe su a hankali. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Tarayyar Turai ta hana a fadamunta a watan Fabrairun 2023, Najeriya kuma tana cikin yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai wadda ta nemi a daina. Ƙwayar ƙarfe da ta maye gurbinta a can ba ta dace da tsofaffin bututu ba, tana iya kumbura su. Abin da ke hannun mai tsohuwar bindiga shi ne ya rage harbin banza, ya kuma yanke naman da ke kewaye da raunin ya zubar kafin a kai tukunya, musamman inda yara da masu ciki za su ci. Wanda ya tuna yara aƙalla 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai raina wannan ba.

Ba ko'ina ake harbi ba, kuma ba komai ba. Dajin Baturiya da ke maƙwabciyar ƙaramar hukumar Kirikasamma wurin kariya ne, ya shiga jerin fadamun duniya na Ramsar a 2008, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince ya zama gandun daji na ƙasa. Dagona ta jihar Yobe, wadda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989, tana cikin gandun Tafkin Cadi. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada, ta tanadi lasisin farauta dabam da na bindiga. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan fadamar ta sauya, kachala ta toshe hanyoyi, wurin kiwon tsuntsaye ya ragu. Gauraka ya kusa ɓacewa a Najeriya. Maharbin kirki ba ya ɗaga masa bindiga, ba ya kuma harbin uwa a damina lokacin da take kan ƙwai.

Tafiya da bindiga ita ma ta zama abin tsoro. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa, akasarinsu daga jihar Kano, a garin Uromi na jihar Edo, suna hanyar komawa gida salla, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka hau. Babu abin da zai halatta wannan kisa. Amma ya nuna yadda idon da bai san farauta ba yake kallon abin da ke cikin zanen nan. Mai fita da bindiga daga garinsu ya cire ɗuri, ya naɗe ta, ya riƙe lasisinsa a jiki, ya sanar da 'yan sandan inda ya tashi da na inda za shi.

Agwagin Turai suna fara sauka a fadamar ne daga Oktoba, lokacin da ruwa ya soma ja. Kafin nan, Sarakunan Baka na Guri da Musari da Adiyani da sauran garuruwa suna da ikon sa rana guda, a gayyato maƙeri mai izini da jami'in 'yan sanda, kowane maharbi ya kawo tasa babu ɗuri, a leƙa bututu, a karanta tambari, a rubuta lamba. Wadda ta ci gwaji ta fita daji. Wadda ta faɗi a miƙa ta ga hukuma a karɓi takarda, tun ba ta tafi da yatsun ɗan marigayin ba.